Shafin Ƙarshe na Aljanin Jabana

Mafaza, 4 ga Rajab

Rufa'i ƙanina,

Sallama da gaisuwa. Yaya Hajar da yara?

Direban lori ya kawo min zanenka, na kuma duba kamar yadda ka roƙa. Aljanin nan da ya fito daga jabana, butar gahawa, aka ba shi bulala da igiyar awo yana bin mata yana auna mayafinsu, ya yi. Inda ya kama raƙuma da laifin barin wuyanta a buɗe, na yi dariya har na ƙware. Amma surutu ya yi yawa a bakinsa, ya rufe rabin hoton. Rage.

Shafin ƙarshe kuwa shara ne. Aljani ya yi kuka, mai shayin da ya daka ta share masa hawaye, har da ba shi shayi da madara? Wace mace ce wannan? A ina ka taɓa ganinta? Ka yage shi.

Yayarka,
Sharifa


Gadarif, 13 ga Rajab

Yaya Sharifa,

Ina gaishe ki da girmamawa. Kowa lafiya.

Wata uku ina wannan aiki bayan na gama rubuta allunan shagunan mutane, ki kira shi shara? Da can ba haka ya ƙare ba. Mai shayin ta cusa aljanin cikin jabana ta toshe bakin. Wada mai ɗab'i ya gani, ya ce injinsa ba zai taɓa wannan ba. Kwana biyu bayan nan mutum biyu suka zo shagona, suka zauna, suka tambayi sunayen 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, suka tafi. Shi ya sa na canza ƙarshen. Ke kina Mafaza bakin kogi, ni nake cikin kasuwa. Zanen ban dariya ne, Yaya, mutane su yi dariya su wuce. Me ya yi zafi?

Ƙaninki,
Rufa'i


Mafaza, 21 ga Rajab

Rufa'i,

Sallama.

Me ya yi zafi? Mai shayin nan tana da wushiryata da tabon goshina, kana tsammanin ban gane ba? Bulala ashirin aka yi min a wannan kasuwar taka saboda mayafina ya zame ina ɗauke da tukunya. Shi ya sa na baro Gadarif. Shekara huɗu ban faɗa maka ba, amma na gan ka ranar. Kana tsaye ƙofar shagonka da buroshi a hannu, muka haɗa ido, ka koma ciki.

Ban riƙe ka da wannan ba, kana da yara. Idan kana tsoro, ka ajiye alƙalami. Amma ka ɗauki fuskata ka sa ta yafe? Wa ya ba ka izinin yafewa da bakina?

Ka gaida Hajar.
Sharifa


Gadarif, 2 ga Sha'aban

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban san kin gan ni ba.

Ga sabon shafi. Babu kuka, babu shayi. Mai shayin tana tsaye tana kallon aljanin, ba kalma ko ɗaya. A gefe na ƙara wani mutum a ƙofar shago, ya juya baya. Kin san shi. Da kin dawo min da shi zan kai wa Wada, in ya ƙi in manna a bango da hannuna.

Ƙaninki,
Rufa'i


Mafaza, 5 ga Sha'aban

Rufa'i,

Sallama. Wannan ya yi. Kada ka kai wa kowa, kada ka manna ko'ina. Shafin yana wurina, ba zan dawo da shi ba.

Ban ce na huce ba. Ka kawo yaran mu yi azumi tare.

Yayarka,
Sharifa