Zamzam ɗin Takwara Ya Bi Ta Nono

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Baba, ya yara, ya damina a Maraɗi? Mu nan Sharafiyya a Jidda lafiya lau, sai zafi.

Albishirinki, an sallamo takwararki daga asibiti! Likita ta ce a cikin ƙoda akwai 'yan bututu, sun fi gashi siranta, su ke tace jini su fitar da fitsari. Tun a ciki suke tsirowa har gab da haihuwa, ita kuwa bakwainin jikar taki ta yi gaggawar fitowa nata ba su ƙosa ba. Yanzu sun kama aiki. Ban taɓa zaton zan yi guɗa don an jiƙa min zane ba!

Saƙonki na a ba ta zamzam ya iso. Likita ta ce, "La, ƙodarta ba za ta ɗauki ruwa ba tukuna, nono kawai." Raina ya ɓaci, sai surukata ta miƙo min kofin ta ce, "Halas, ke sha, zai same ta." Kullum haka muke yi, Inna. Ba mu saɓa miki ba.

Ki sa mu a addu'a, a gaida kowa.

'Yarki,
Rabi