Mun Kawo Kawu Ƙasar da Babu Giya

Hajiya Safiyatu, assalamu alaikum. Don Allah ki agaza min da shawara, kaina ya ɗau zafi. Jaridarku tana iso mana Riyadh a jakar masu dawowa daga hutu, ta sha hannu har ta yi laushi, amma filinki nake fara buɗewa. Ki rufa min asiri, kada sunana ya fito.

Turare nake sayarwa a kasuwar Batha: almiski, turaren wuta, da kolonya, wannan turaren ruwa mai araha da ke zuwa a manyan kwalabe. Na daɗe a kasuwa, tun kafin mutum ya buɗe baki na san mai saye ne ko mai taya. Na yi ciniki da ɗan Yaman, na yi da Ba'indiye, ba wanda ya taɓa yi min wayo ya kwana lafiya. Sai ga shi tsoho mai shekara sittin da ɗoriya ya juya ni a cikin shagona.

Ƙanin mahaifiyata ne, bari in kira shi Kawu Lado. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya zauna Kafanchan, ya zauna Jos, a can ya koyi sha. Da ya yi ritaya, matarsa kuma ta rasu, sai abin ya ci tura. An yi masa rubutu, an yi saukar Alƙur'ani, an yi faɗa, an yi lallashi. Ranar da dangi suka taru a kansa, ni da iyayina na ce a ba ni shi. Na ce ƙasar da ko kwalba ɗaya ba a sayarwa, a ina zai samu? In babu rami, me ya kawo zancen rami? Kowa ya sa min albarka. Na roƙi kafilina, Balaraben da shagon ke ƙarƙashin sunansa, ya yi masa iƙama, wato takardar izinin zama, a matsayin mai taya ni tsaron shago.

Da farko sai hamdala. Ya yi Umara, ya sauke farali, ya ajiye gemu, har kumatu ya yi. Mahaifiyata tana aiko kaset, rabi kuka rabi addu'a. 'Yarsa Biba, wadda a da ko jikokinsa ba ta kai masa, ta haihu ta sa wa yaron sunansa. A gida an rufe magana: Alhaji Lado ya shiryu, ni kuma na zama ɗan albarka.

Wani wanzami ɗan Pakistan ne ya tona. Ya zo yana kumfar baki, wai kolonyar da na sayar masa ba ta yi wa mutane zafi bayan aski, ruwa ce zalla. Na rantse masa har na gaji, da ya tafi na bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Hajiya, Kawu ne yake kurɓa, ya cika da ruwan famfo, ya mayar da murfi tsaf. To ki gaya min, mai tsaron shagon turare in yana ƙamshin turare, wa zai zarge shi?

Da na tsare shi ko musu bai yi ba. Cewa ya yi ni na ba kura ajiyar nama, kada in zo ina yi masa wa'azi da bakin da ya wanke min ina jariri. Ya ce a Jos ko banza da mutane yake sha, ana hira ana dariya. A nan kuwa daga bango sai na'urar sanyi, in ya yi atishawa ba mai ce masa yarhamukallah.

Na cire shi daga shago na ajiye shi a ɗakinmu na unguwar Shumaisi. Na ciji yatsa na saya masa jawwal, wayar hannun nan da ake yayi, ni da kafilina kawai na sani da ita a layinmu kafin shi. Ina kira da safe, ina kira bayan azahar, ina kira ko ciniki nake. Ya ɗauka da murya tangaran kamar limamin Juma'a, ya ce lafiya lau, lazimi yake. In dawo in tarar da shi a kwance. Kolonya kuwa kowane kanti akwai ta. Wayar ma ya raɗa mata suna, wai ƙararrawar akuya.

Abin da ya sa na ɗau biro shi ne, yanzu hannunsa rawa yake da safe, shayi ma sai ya zubar. Makon nan kuma ya ce yana ganina kamar ta bayan labule.

Wani Basudane mai kemis, wanda na ɗan gutsura wa zancen, ya ba ni lambar waya. Wai wasu mutane ne da suka sha suka daina, ana kiransu a yi magana, ba sa tambayar suna, ba sa karɓar ko sisi. Ya ce har a intanet ɗin nan da ta shigo bana akwai inda irinsu ke rubuta wa juna. Lambar tana aljihuna har ta fara gogewa. Ni dai a kasuwa ban taɓa ganin kyauta ba ƙugiya a ciki ba. Su me za su ci? Wa ke saurare a bayan layin? A nan maganar sha bulala ce da kurkuku da kora, kuma in ta fashe kafilina zai wanke hannunsa daga mu biyun. Tsoron da ya hana ni kai shi asibiti ke nan. In mayar da shi gida, burukutu na jiransa, kuma ban san da wane ido zan kalli mahaifiyata ba. Akwai wani Basiru, abokin shansa na Kafanchan da aka ce ya tuba ya daina, yana ta aiko saƙo a ba shi lambar Kawu. Na hana, don ban yarda da tuban muzuru ba.

Na gaji, Hajiya. Na gaji da shinshina bakin wanda ya goya ni. Yaya zan yi?

Mai Turare, Batha, Riyadh

Wa alaikumus salam, Mai Turare.

Ka kawo magana da yawa, amma guda ɗaya ce ba ta jiran gobe: idon Kawu. Wasu turarukan ruwa akwai sinadarin da ke makantar da mutum, har ya kashe. Wanda ke shan su ya ce yana gani ta bayan labule, likita yake bukata yau, ba bayan ka rufe shago ba. Kada kuma ka kulle shi a ɗaki ka ce ya daina da ƙarfin tsiya. Jikin da ya kai ga rawar hannu, in aka yanke masa farat ɗaya ba kulawar likita, yana iya faɗuwa da jijjiga, a rasa shi gaba ɗaya.

Tsoronka ba na banza ba ne, kuma ba zan zauna a nan in yi maka alƙawari a kan dokar ƙasar da ba na ciki ba. Koma wurin mai kemis ɗin nan, tunda ya ji sirrinka bai sayar da kai ba. Ya nuna maka likitan da ya saba da irin wannan, ka tambayi yadda ake bi. Amma ka ɗora su a sikeli, kai da ka san awo: iƙama in ta tafi ana iya neman wata, ido fa?

Batun lamba, ka tambaya su me za su ci. Wanda ya fito daga wannan rami, riƙe hannun wani shi ke hana shi komawa, ribarsu ke nan. Ka yi musu irin gwajin da kake wa sabon dila. Kira da kanka daga wayar kan titi, kada ka ba da suna ko unguwa, ka ji bakinsu. In hankalinka ya kwanta, ka ajiye wa Kawu lambar kusa da shimfiɗarsa, kada ka danna masa. Tsohon ma'aikacin reluwe ba zai rasa Turancin da zai yi magana da su ba. Intanet kuwa bar ta tukuna. Mai rawar hannu da dishi-dishin ido ba rubutu yake bukata ba, murya yake bukata. Ka kuma sani waya taimako ce, ba ta maye gurbin likita.

Basiru ma ka sake tunani. Ka bincika a wurin mutanen Kafanchan, in da gaske ya daina, ba shi lambar. Duk cikinku shi kaɗai ne Kawu ba zai iya yi wa muryar limami ba.

Biba ta girma, ta san halin ubanta tun kafin kai. Gara ta ji daga bakinka yana da rai. Mahaifiyarka a bi ta a hankali, ku biyu ku zaɓi lokaci. Sunan ɗan albarka da kake jin tsoron rasawa, ɗauke shi daga kan sikelin.

Ka yi niyyar alheri, ban hana maka ba. Sai dai ka raba shi da kwalba, ka haɗa har da mutane, kuma shi da bakinsa ya gaya maka. Duk kiran da ka yi masa a jawwal ɗin nan, tambaya ɗaya ce a ciki: ka sha? Ko ni ce zan kira ta ƙararrawar akuya. In kun dawo daga wurin likita, kira shi daga shago ka tambaye shi yadda jirgin ƙasa ke hawa tudun Jos da kaya. Kada ka saurari harshensa ko ya karye, saurari labarin. Ranar da wayar ta yi ƙara a aljihunka, ka duba ka ga shi ne ya kira, ka san an fara samun hanya.

Allah Ya ba Kawu lafiya, Ya tsare masa ganinsa, kai kuma Ya sauke maka wannan gajiya.

Hajiya Safiyatu