Muryar Inna Ta Dishe

Sabon Gari, Wudil

Zuwa ga 'yata Halimatussa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin koma makaranta lafiya. Ya karatu, ya malamai, ya waken nan naku mai haɗe da nama kyauta? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Tunda makarantarku ta hana waya, dole tsohonki ya koma biro, ni da aka sallama daga firamare a aji huɗu saboda malam ya ce shanu sun fi shi bukatata. In kin ga wani harafi ya kwanta, ki tashe shi. Ɗantani direba zai miƙa miki in ya kawo muku itace.

Har yau ina ba da labarin yawon Sallarmu a kara, kasuwarmu ta shanu. Na gaya wa abokan dillanci na kai iyalina wurin wasa a Kano, na ga motocin da sai ka yanki tikiti kafin ka yi karo, alhali a tashar Wudil kyauta ake yi. Na ga alewa kamar auduga, kana sa ta a baki ta ɓace, sai ka ce alƙawarin ɗan takara. Na hau dokin roba mai zagaye, ni da nake kayar da bijimi, na sauko ina tambayar mutane ina gabas take. Abin da ban gaya musu ba shi ne zancen ƙaton lilon nan mai kama da ƙafar keke. Kin dai ji cika bakin da na yi tun daga gada. Da muka isa gindinsa na ɗaga kai, hulata ta faɗi, sai na tuna ai dole wani ya tsare takalma.

Ke kuwa kin burge ni. Wuta ta ɗauke, lilo ya tsaya cak, kina can ƙololuwa ke da ƙanwarki Rahinatu, amma kika sauko ko ɗigon hawaye babu. Rahinatu ta ce lulluɓe ta kika yi da hijabinki kina yi mata karatu a kunne. Wannan zuciya dai ba tawa ba ce, na san inda kika samo ta.

Innarku muryarta ta dishe tun ranar, wai askirim ne. Gida ya yi tsit. Rabon da a yi mini faɗan barin goro a aljihun wanki har na fara kewa.

Sai abu guda. Tun a mota kika ɗaure fuska, har kika tafi ba ki taɓa tuwon da aka yi miki ba. Ina gane saniya mai ciwo tun daga takunta, ki yi haƙuri da misalin, shi kaɗai na iya. Me aka yi miki?

Naki, sarkin gadin takalma,
Baba

*

Zuwa ga mahaifina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baba, ina wuni, ya aiki, ya mutanen gida? Saƙonka ya iso, na gode, Allah ya ƙara girma.

Tunda ka tambaya zan faɗa, ka gafarce ni idan na yi rashin kunya. Ka ce ban yi kuka ba. Ban yi ba ne don Rahinatu, amma na zaci mutuwa ce. Da muka sauko, Inna ta zo da sauri ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Ta rungume Rahinatu, tana shafa kanta, tana duba hannuwanta. Ni abin da na samu shi ne, “Ke, ɗauko mata takalminta.”

Na san za ka ce al'ada ce, uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna mata so a gaban mutane. Na haƙura da “ke” da “waccan” tun ina ƙarama. Na haƙura ranar ziyara kai kaɗai kake zuwa, ina kallon mahaifiyar ƙawata Sharifa tana gyara mata ɗankwali. Amma Baba, ranar da mutum ya kusa mutuwa ma sai an yi masa alkunya? Na daina yarda kunya ce. Ina ganin babu ni a ranta ne kawai.

Don haka ina neman izini, idan an yi dogon hutu Ɗantani ya wuce da ni Indabo wajen Goggo Indo. Ta daɗe tana cewa in zo in zauna da ita. Zan riƙa yin hutuna a can, ka riƙa zuwa ina ganinka. Inna ba za ta rasa komai ba.

Ka huta lafiya.
'Yarka mai biyayya,
Halimatussa'adiya

*

Sabon Gari, Wudil

'Yata,

Salamu alaikum, gaisuwa a taƙaice yau, don na karanta takardarki a gindin ɗorawar kara, har wani Bafulatani ya tambaye ni ko sa na ne ya mutu.

Goggonki Indo yayata ce, ba na ƙi ki je ba. Amma kafin ki ɗaure kaya ki ji abin da ya faru a ƙasa, tunda ke sama kika gani. An hana ni faɗa. A cikin mota Innarku ta matso da ragowar muryarta ta ce, “Malam, in ka kuskura ka buɗe baki, ka nemi mai yi maka miyar kuka.” To ga shi zan buɗe. Ki san me na sayar dominki.

Da lilon ya tsaya, yaron da ke kula da shi ya ruga wajen janareta, ya ja, ya ja, inji ya yi tari ya yi shiru. Kwandon da kuke zaune a ciki yana can sama iska tana kaɗa shi. Mutane suka taru, kowa ya zaro waya yana ɗauka. Ni kuwa uban gayya ina tsaye, takalma a hannun dama, gugguru a hagu, na buɗe baki in yi addu'a, wallahi ta cin abinci ce ta fito.

Sai na ji wata ƙara a gefena, irin wadda ban taɓa ji ba tunda aka kawo mini matar nan daga Dagumawa.

“Halimatussa'adiya! Halimatussa'adiya, ki riƙe da kyau!”

Haka, cikakke, tun daga kai har wutsiya. Sunan nan da marigayiya kakarki ta zaɓa, mai tsawo kamar gadar Wudil, wanda ni kaina sai na huta a tsakiya, ta haye shi da numfashi ɗaya. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na daina ƙirgawa. Ban ji ta kira Rahinatu ba. Ke ba ki ji ba, don kina da nisa, ga ihun jama'a, ga ƙanwarki tana tsala miki nata a kunne.

Ba ta tsaya nan ba. Matar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai ta rufe rabin fuska, ta cire gyale ta ɗaure a ƙugu, ta watsar da takalmanta, su ma ni na tsince su, aikina ke nan. Ta damƙi yaron nan ta ce, “Abin nan ba ya juyuwa da hannu?” Ya ce, “Hajiya, yana yi in an sake birki, amma sai ƙarti da yawa.” Ta juya kan masu wayoyi.

“Kai mai jar hula, hoton gawa kake jira? Ajiye ka kama! Kai ma dogo, tsawon naka na ado ne?”

Wani mai babbar riga ya ce, “Baiwar Allah, a jira injiniya mana.”

Ta ce, “'Yarka ce a sama?”

Ya naɗe hannun riga. Ni ma aka ce, “Malam, zubar da guggurun nan!” Na zubar. Muka kama ƙarfe, ita a gaba, tana ba da umarni kamar mai sa kwalekwale a ruwa, ana ja tana kiran sunanki, har lilo ya fara saukowa a hankali. Na yi shekaru ina ganin maza a kara, ban ga wanda ya tara ƙarti da sauri haka ba. Tsakuwa ta yanke ta a tafin ƙafa, ba ta sani ba sai a gida.

Da kwandonku ya kusa ƙasa, ina kallonta ta kwance gyale, ta yafa, ta goge ido, ta koma Innarku da kika sani. Ta nufo ki, ni shaida ne, ke ta nufa. Sai ta ga idon jama'a, ta karkace ta cafke Rahinatu, don hannuwan nan dole su riƙe wani ko ta faɗi. Rungumar nan taki ce, aro aka ba ƙanwarki.

Ba na ce al'adar ta yi miki daɗi ba. Ni tun kina goye na yi fatali da ita, dattawa suka ce ba ni da ta ido, na ce shanu sun cinye. Amma Innarku ita ma 'yar fari ce kamar ki. Har uwarta ta koma ga Allah ba ta ji sunanta a bakinta ba, haka ta koyi so, a rufe kamar tukunya. Dambun da nake kawo miki ranar ziyara ina baza riga, kin taɓa ganin na riƙe taɓarya? Tun asuba take dakawa, ta ƙulle, ta ce, “Kai wa waccan.”

Askirim kuma, ki tambayi Rahinatu, ko lasa Innarku ba ta yi ba.

In har yanzu Indabo kike so, zan gaya wa Ɗantani. Amma ki sani ni za a bari da kallon ƙofa, ita kuma ba za ta ce komai ba, wannan ne abin da ba zan iya gani ba.

Naki, wanda miyarsa ke cikin haɗari,
Baba

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta, na sake karantawa, har Sharifa ta ce ko rasuwa aka yi.

Ka bar maganar Indabo. Ɗantani ya sauke ni a gida.

Ga zuma a 'yar kwalba, wajen mai gadinmu na samo, an ce tana gyara murya. Don Allah ka ce kai ka sayo. Kuma kada ka gaya mata na sani.

Sallah mai zuwa ni zan tsare takalma, kai za ka hau.

'Yarka,
Halimatussa'adiya

*

'Yata,

Salamu alaikum. Na miƙa zuma, na ce ni na sayo. Ta dubi kwalba, ta dube ni, ta ce, “Kai da ko allura ba ka taɓa shigowa da ita ba sai an aike ka?” Ta juya kwalbar, ta ga tsumman da aka toshe bakin, ƙyallen tsohon hijabin makarantarku ne. Ta shige ɗaki da ita.

Yau kwana biyu ke nan miyar kuka babu gishiri. Zumar kuwa tana ƙarƙashin filo, cokali-cokali take sha, ko Rahinatu ba ta ɗanɗana ba.

Murya ta dawo, faɗan goro ma ya dawo. Ɗazu tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba, ta ce, “In za ka rubuta wa waccan, ka ce kada ta yi wanki a can. Ta taho da shi gida.”

Ki taho da shi da yawa.

Baba