Yatsan Amira da Kyanwa Mai Takalmi

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Sayar da Waya da Gyaranta,
Kasuwar Lafiya, Jihar Nasarawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da dukan 'yan ƙungiya. Ina gajiya, ya kasuwa, ya haƙuri da jama'a? Allah ya ƙara girma.

Sunana Falmata, shekarata goma sha uku, bana na gama firamare. Ba ka san ni ba, ko da yake na sha wucewa ta gaban rumfarka da kwalaben man gyaɗa a ka. Da zan iya tsayawa a gabanka in yi magana, da ban rubuta takarda ba. Ni ko a aji aka kira sunana sai muryata ta maƙale. Malamarmu ta Islamiyya ce ta ce in rubuta, a kuma bar wasiƙar a buɗe don iyaye su gani. Ƙara na kawo, Baba Shugaba, sai dai ina rubuta ta ina dariya, domin abin ya ƙare da daɗi. Amma kafin daɗin na sha wuya, kuma a hannun ɗan ƙungiyarku wuyar ta faro.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tun kafin a haife ni take matsar tunkuza da zafinta, tana murza ƙuli, tana tsame shi daga mai. Yatsunta sun yi sulɓi, zanen jikinsu duk ya goge. Bayan ƙaramar sallah Babanmu ya sayar da doya ya saya mata babbar waya, saboda masu sayen mai yanzu kowa sai ya ce zai tura ta banki. Ni aka ɗora wa karanta saƙo, don ni ce mai Turanci a gidan. In alat, wato saƙon banki, ya shigo sai Inna ta ce, "Falmata, zo ki karanta min." Ba na jin akwai maganar da na fi son ji kamar wannan.

Ranar da aka kai wayar a saita ta ina makaranta. Inna ta je da ƙanwata Amira, 'yar shekara biyar, wadda ba ta rabuwa da gefen zaninta. Mai gyaran, ba zan faɗi sunansa ba don yanzu mun shirya, ya haɗa wayar da katin bankin Inna domin ta riƙa sayen data ba sai ta fita ba. Da aka zo kulle waya ya ce yatsa ya fi lamba sauƙi. Inna ta dangwala babban yatsa, waya ta ƙi. Ta dangwala manuni, ta ƙi. Ta goge hannu da mayafi ta sake, shiru. Mutane sun yi layi a bayanta, mai gyara ya ƙosa, sai ya ce ta kawo na yarinyar kawai, ai kullum suna tare.

Haka Amira ta zama mabuɗin wayar Inna. Duk unguwarmu an san wannan. In waya ta kulle za ka ji Inna daga bakin murhu tana kira, "Amira, kawo yatsan!" Ita kuwa ta taho tana taƙama, ta lashe yatsan ta goge a riga, ta dangwala kamar mai jefa ƙuri'a. Har lada take karɓa, ƙuli ɗaya a kowane buɗi. Abin da ba a gaya wa Inna ba shi ne, yatsan da ke buɗe waya shi ne kuma yake cewa a biya.

In Inna za ta ɗora mai a wuta takan miƙa wa Amira wayar don ta yi nesa da kasko. A ciki akwai wani wasa na kyanwa, ana yi mata wanka ana ba ta abinci. Ba wanda ya damu da shi.

Sai kuɗi suka fara raguwa. Ba da yawa lokaci ɗaya ba. Yau kuɗin kwalba guda, jibi na biyu, kamar ɓera ya samu buhu. Alat yana shigowa, ina karantawa, amma sunan da ke jiki ba na mutum ba ne, wasu haruffa ne da ban gane ba. Inna ba ta lissafi da naira, da mai take yi. Kafin wata ya ƙare ta ce jarka guda ta tafi.

Wa za a zarga? Baba yana gona. Amira ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ni ce na san lambar sirrin banki, ni ce nake riƙe wayar kullum. Inna ta zaunar da ni ta tambaye ni a hankali, ba faɗa ba zagi. Ni kuwa halina ya tashi. Na sunkuyar da kai, na kasa cewa komai, sai hawaye. A gidanmu kuma wanda ya yi shiru ya sunkuyar da kai, an ɗauka ya amsa laifi ke nan.

Ba a dake ni ba. Da ma dukan aka yi, da ya fi min sauƙi. Abin da Inna ta yi shi ne, in saƙo ya shigo sai ta yafa mayafi ta wuce ni ina zaune, ta shiga gidan maƙwabciyarmu Maman Blessing a karanta mata. Ina jin su ta katanga. Wata rana na ji Maman Blessing tana cewa da irin Hausarta, "Inna, wannan yarinya ba ya sata. Ko canji na biyar ya rage, yana kawo min." Inna ta ce ita ma haka ta sani, amma ai aljani ba ya cin kuɗin banki. An canza lambar sirri, kuɗi ba su daina fita ba. Sai aka ce wai na iya wata dabara da ake koya a makaranta.

Allah ya tashi wanke ni a gidan suna. Gwaggona Hajara ta yi jika a Shabu, muka cika keke muka tafi. Bayan an ci tuwo mata sun baje a tsakar gida, Amira ta tara yara a gindin mangwaro tana nuna musu waya. Gwaggo mai tsokana ce, ta hango silifas ɗin Amira ya tsinke an ɗaure da leda, sai ta ce, "Ke 'yar mai ƙuli, da wannan takalmin kika zo mana suna? Kin kunyata dangi."

Amira ta murguɗa baki ta ce, "Ai kyanwata tana da takalma. Ja da kore da mai ƙyalli. Ni na saya mata."

Aka yi dariya. Gwaggo ta ce, "Iye, hajiya! Da kuɗin wa?"

Ta ɗaga yatsa sama ta ce, "Da wannan."

Gwaggo ta ce to a nuna mata. Amira ta zo tsakiyar mata ta buɗe wasan. Baba Shugaba, da ka ga kyanwar nan da ka tashi ka ba ta kujerarka. Ga hula mai gashin tsuntsu, ga tabarau, ga sarƙa, ga gado mai rumfa, har da mota. Amira ta ce yau rana ta yi zafi, bari ta saya mata laima. Ta taɓa laima, ta dangwala yatsa. Nan take, a gaban kowa, wayar ta yi ƙarar alat.

Gwaggo ta karɓi wayar ta miƙo min ta ce in karanta. Na karanta, haruffan nan ne dai da na saba gani. Sai wata tsohuwa ta ce, "Ashe ɓarawon da gashin baki yake, ga shi kuma da wutsiya!" Ai sai gida ya kece da dariya. Mata suna riƙe ciki, wata ta ƙware da kunu, mai jego tana roƙo a bari don cikinta bai warke ba. Gwaggo tana share hawaye tana cewa kyanwa ta riga 'yan matan dangi samun kayan ɗaki. Amira ta ga ana dariya, ita ma ta kama rawa.

Inna kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ni take kallo.

Ka san iyayenmu ba sa cewa ɗa ya yi haƙuri. Ni ma ban jira ba. Amma a keke muna dawowa ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta, abin da rabona da shi tun ina aji biyu. Washegari da safe ina shara sai na ji, "Falmata, zo ki karanta min." Na jefar da tsintsiya na zo a guje. Da na duba, babu wani sabon saƙo. Wani tsoho ne na makon jiya, wanda Maman Blessing ta riga ta karanta mata. Na karanta shi da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, Inna tana gyaɗa kai kamar ba ta taɓa jin sa ba.

Ranar muka koma wurin mai gyara, har da Maman Blessing, don ita bakinta ba ya maƙalewa. Ta wanke shi tas. Da farko dariya ya yi, da ya ji abin da ya same ni sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce wallahi bai kawo haka a ransa ba. Ya cire yatsan Amira, ya raba katin banki da wasan, ya sa duk abin da za a saya sai an buga lambar sirri. Saura buɗe waya. Ya ce ai na Inna ba ya kamawa.

Ni kuwa na daɗe ina kallon hannun Inna in tana murza ƙuli. Ƙaramin yatsanta na hagu kullum a ɗage yake, ba ya taɓa tunkuza, ba ya taɓa mai. Sai na ce, "A gwada ƙaramin." Ba wanda ya ji. Na sake faɗa. Wannan ne karo na farko da na yi wa baƙo magana ba a tambaye ni ba. Aka gwada, waya ta buɗe tun a dangwalawar farko. Inna ta yi guɗa a tsakiyar kasuwa har masu lemo suka waiwayo.

Kuɗin dai ba su dawo ba. An ce kamfanin wasan yana wata ƙasa, kuma lokacin neman a mayar ya wuce. Inna ta ce ta yafe, ta ɗauka sadaka ta yi wa kyanwa. Amma ni ban so wata yarinya ta zauna tana jin uwarta ta katanga. Shi ya sa nake roƙonka waɗannan abubuwa:

1. Ka gaya wa 'yan ƙungiyarku kada a ƙara sa yatsan ƙaramin yaro a wayar da ke haɗe da banki, komai tsawon layi. Allah ya ba mutum yatsu goma. A gwada su duka. Mata masu ƙuli, masu wanki, masu ɓare rogo da masu ƙunshi suna da yawa a garin nan, kuma kowace akwai yatsan da aiki ya ƙyale mata.

2. Duk wayar da kuka saita, ku sa kada a sayi komai sai da lambar sirri, kuma lambar ta bambanta da ta buɗe waya. Mai gyaranmu ya yi wannan kafin ya gama shan ruwan leda ɗaya. Ashe ba wuya, tambaya ce ba a yi.

3. Ku riƙa tambaya ko akwai yara a gida. Kusan kowace uwa waya take miƙa wa yaro in tana son ta yi aiki. Ku nuna mata yadda ake kulle wayar a kan wasa ɗaya, ko a kashe data kafin a miƙa. Kuma ku yi bayanin da Hausa, ko da yaren da mai wayar take ji. Inna ta ce ranar farko duk abin da aka faɗa mata "oke, oke" kawai ta gane.

4. Wannan ba naku ba ne, amma ku kuke ganin manyan kamfanoni, mu ba ma ganinsu. Ku ce musu in sun cire kuɗi su rubuta abin da aka saya a fili. Da saƙon farko ya ce takalmin kyanwa, da tun ranar an gama shari'a.

Iyaye kuma da za su ga wannan, roƙona ɗaya ne. In kuɗi sun ɓata a waya, a duba wasannin ƙanana kafin a dubi fuskar manya. Wani shirun kunya ne kawai.

Yanzu gidanmu lafiya lau. In waya ta yi ƙara Inna takan ɗaga ƙaramin yatsa sama tukuna, kowa ya gani, sannan ta dangwala. Baba yana kiranta Hajiya mai ɗan yatsa. Ni na koma aikina, har an ƙara min girma, ni nake amsa kiran masu sayen mai, kuma muryata ta fara fita.

Amira ce kawai take fushi da ku. Ta ce ku kuka kore ta daga aiki, ƙulinta ya yanke. Don a lallashe ta Baba ya kawo mata 'yar kyanwa ta gaske daga gona. Amira ta ɗaga ƙafafun kyanwar ɗaya bayan ɗaya ta duba, ta ce wannan talaka ce, ko takalmi ba ta da shi. Jiya na same ta tana gwada mata murafen kwalaben Inna.

Allah ya ja kwananka, ya albarkaci kasuwarku, ya shirya mana yara, ya tsare kowa daga zargin da bai ji ba bai gani ba. In na kawo mai ranar Alhamis zan gaishe ka da bakina, in Allah ya yarda. In ka ji muryar ta yi ƙasa, ka yi haƙuri, sabuwa ce.

Wassalam.

Taka 'yar,
Falmata, 'yar Inna mai ƙuli,
Lafiya.