Tawadar Baba a Cikin Kwalba

Sabo, Ibadan, watan Rabi'ul Sani, 1348.

Zuwa ga yayana Malam Abdurrahim a Zariya. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara wa Inna Azumi sauƙin ƙafarta. Mu nan lafiya lau muke, maiɗakina Atika ta warware daga zazzaɓin, cinikin goro kuma ana taɓawa. Sai dai Yaya, kwana tara ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, domin ban san ta inda zan fara gaya maka abin da ya faru ba.

Ka san ban taɓa ganin daminar Kurmi ba sai bana. Wata uku ruwa yana dukan jinkarmu, iska ta yaye gefe guda, sa'an nan ya ɗauke cak, mako uku ko yayyafi babu. Na ce to, damina ta yi sallama, bari in duba rufi. Da na hau na tarar ciyawa ta ruɓe, gara ta cinye sanduna huɗu, in ka danna da yatsa sai gari. Maƙwabcina Baba Manniru, wanda yake nan tun ranar da aka yanka filin Sabo, ya hango ni ya ce in sauko, wai ruwan garin nan hutawa yake yi ya dawo. Ni kuwa da taurin kan nan nawa da ka sani, na ce a raina wa ya taɓa jin damina biyu a shekara ɗaya. Ranar Alhamis na yaye jinkar gaba ɗaya, da nufin in ɗora sabuwa ranar Asabar. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Ranar Juma'a muna masallaci gari ya haɗe, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Hankalina kwance, don na kwashe komai daga ɗakin, har kwandunan goro. Ana sallame salla gabana ya faɗi. Na tuna gafakar Alƙur'anin da marigayi Baba ya rubuta da hannunsa, wadda ka ba ni amana ranar da zan hau jirgin ƙasa, ka ce in dawo maka da ita. Saboda girmamawa na rataye ta can ƙololuwar ɗaki, inda ido ba ya kaiwa, shi ya sa na manta ta.

Na iso a guje na sami Atika tsaye cikin ruwa. Hannunta bai kai gafakar ba, sai ta ɗaga ƙwarya tana tarar baƙin ruwan da ke ɗiga daga gindinta. Ta ce ba za ta bari ayoyin Allah su zuba ƙasa a taka ba. Na sauko da gafakar na buɗe. Takardun sun manne, rubutun ya wanke, warƙa goma sha ɗaya kawai ake iya karantawa a tsakiya. Aikin Baba na shekara uku, Yaya, ya koma rabin ƙwarya.

Na kai wa Malam Hadi, malamin unguwarmu, ruwan ƙwaryar. Ya duba, ya ce wannan rubutu ne kamar wanda ake wankewa daga allo, ba a zubarwa, sha ake yi. Ban iya kai shi bakina ba. Na juye a kwalba na toshe da kakin zuma, ga ta nan hannun Babandi falke tare da warƙoƙin da suka tsira. An ɗora sabuwar jinka, amma ban ƙara kwana a ɗakin ba.

Ka gaishe mini da Inna Azumi da maiɗakinka Habiba da yara duka. Kada ka gaya wa Inna tukuna. Kai ne babba, kai ya kamata ka fara sha. In ka yafe mini, ka aiko mini da ragowar.

Ni ne ƙanenka,
Sammani.