Hannunka Na Dama, Yakubu

Zuwa ga ƙanena Yakubu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a duk inda kake, na rubuta wannan a fili ne domin ban san inda zan aika maka ba, kuma ina so mutanen unguwarmu Lamashegu da suka ga abin da na yi maka su karanta.

Kana tuna ranar da ka dawo daga kasuwa da ƙaramin jirgin ƙasa na wasa, wanda ka tsinto cikin kayan gwanjo? Na yi maka dariya, na ce mai gyaran agogo ya koma yaro. Ka kafa katako a ɗakinka, ka shimfiɗa layin dogo, a garin da ko jirgin gaske bai taɓa zuwa ba.

Abin da ya fi cin ranka shi ne raba taragu ba tare da ka sa hannu ba. Ka samo maganaɗisu ƙanana kamar ƙwayar wake, ka binne su ƙarƙashin layin. In jirgi ya tsaya a kansu ya ɗan ja baya, sai su janye wayar da ke ƙasan ƙugiya, ƙugiyar ta buɗe, tarago ya zauna shi kaɗai. Mako uku kana gwada wurin da za ka sa su. Sauran kana ajiye su a gwangwanin madara a saman kabad. Kullum kana cewa, “Waɗannan ba na yara ba ne, Yaya.”

’Yata Rahinatu tana da shekara huɗu lokacin. Kan cinyarka take zama tana kallo.

Ranar wata Talata ta fara amai, cikinta ya kumbura. A asibiti likita ya nuna mini hoton cikin: maganaɗisu uku sun manne da juna, sun matse hanjinta har ya huje. Aka shiga da ita tiyata. Ni kuma na hau moto, wato babur, na nufi gida.

Na same ka a tsakar gida kana zuba ruwan zafi a fulas za ka kai mana. Na shaƙe ka, na buga kanka da bango, na ja ka har ɗakinka. Na kifar da katakon, na tattake layin da taragun a gabanka. Ka miƙa hannu za ka ɗauki kan jirgin, na zaro sifana daga aljihuna na sauke a kan hannun. Sau uku. Na ji ƙarar ƙashi, ban tsaya ba. Mahaifiyarmu Mma ta riƙe rigata tana kiran sunana, na ture ta ta faɗi kan turmi. Maƙwabta huɗu ne suka danne ni. Jini ya cika maka baki, amma abin da kawai ka tambaya shi ne ko Rahinatu ta fito daga tiyata.

Yakubu, ni na ɗauki maganaɗisun. Ranar Lahadi kana masallaci na shiga ɗakinka na ɗebi biyar, don in riƙa tsince ƙananan kusoshi a garejina. Na bar su kan tabarma na fita. Tun da likita ya ɗaga hoton nan na gane. Na san haka a kan moto, na san haka sifana tana hannuna. Tsoro ne ya cika ni, na rasa inda zan kai shi, na kawo maka.

Rahinatu ta rayu. Yatsunka biyu ba su sake lanƙwasuwa ba, ka rufe teburin agogonka. Wata guda kana zaune a gidan, unguwa tana nuna ka, ni ina wucewa ta ƙofarka ban buɗe baki ba. Sai aka ce an gan ka a tashar Kumasi da jaka ɗaya. Shekara shida ke nan.

Makon jiya na faɗa wa Mma gaskiya. Tana tsinkar ayoyo, ba ta ɗago ba. Ta ce ta sani, ita ta share ragowar biyun daga tabarmata. Ta ce kai ma ka sani, domin kana ƙirga su, kuma kai ka roƙe ta kada ta faɗa, wai kada matata ta tsane ni yarinya tana kwance.

Ƙanena, ban san yadda kake cin abinci da hannun nan ba, ban san wa ke yanke maka farce ba. Mma ta tsufa, idonta ya fara rauni. Ko ba ka son ganina, ka zo dominta. Ka aiko da ranar, ni zan bar gidan har ka tafi.

Allah Ya tsare ka, Ya warkar da abin da na karya, Ya haɗa ka da mutanen da suka fi ni. Allah Ya ba ni ikon tsayawa gabanka in faɗi wannan da bakina.

Yayanka da ya zalunce ka,
Iddrisu