Wayar da Ta Hau Kicin

Litinin, 6 ga Maris
'Yata Corinne ta sake kira. Wai a ƙarasa gyaran ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a sa gidan a kasuwa, in koma kusa da ita. "Mama, me ya rage miki a Duluth?" Na ce to. Tun rasuwar mijina Wendell ban taka matakalar ɗakin nan ba.

Alhamis, 9 ga Maris
Rusty, ƙanensa, ya zo duba aikin. Ashe mijin nawa ya ja wayoyin lasifika, ya rufe su da bango, ya shafe da fenti, wai zai huda daga baya. Ko alama ɗaya bai sa ba. Halinsa ke nan, komai a ka. Bakin wayoyin kawai ya leƙo a bayan talabijin.

Ramin ɓera nake kiran ɗakin. Kullum sai Wendell ya ƙwala mini kira in sauko in ji faifai, ni kuwa in ce wanke-wanken zai yi kansa ne?

Asabar, 11 ga Maris
Na dafa abincin mutum biyu. Mantuwa.

Talata, 14 ga Maris
Rusty ya aro wata na'ura. A maƙala ta a bakin waya, a bi bango da sandarta tana tsuwa, inda tsuwar ta tsaya nan wayar ta ƙare. Duk ya gano su, saura guda. Yana ta mita, wai tun suna yara haka Wendell ke ɓoye masa kaya. Na yi dariya, sai kuma kuka.

Laraba, 15 ga Maris
Ina wanke kofi sai ga Rusty ya hauro, sanda na tsuwa, har cikin kicin. Ya tsaya daidai saman tagar da nake wanke-wanke.

"Lorraine, nan ya kawo ta."

Rusty ya ce a bar ta a rufe, mai saye ba zai sani ba. Wendell ya gaji da kirana ke nan, zai kawo mini kiɗan inda nake, bai taɓa faɗa mini ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Lahadi, 19 ga Maris
Na sa Rusty ya huda, ya haɗa lasifika. Faifan sai an sauka ake sa shi, don haka na sauka, na sa, na hauro. Ƙarar ta yi yawa, yadda Wendell yake so. Ban rage ba.

Na ce wa dillaliyar da za ta sayar da gidan ta dakata sai ƙanƙara ta narke. Wa ke sayen gida cikin sanyi?

Corinne ta kira, ta tambaya kiɗan me take ji. Na ce wanke-wanke nake yi.